Yadda Ake Ziyartar Monako, Ƙasar Da Ake Zagayewa Da Ƙafa A Wuni Ɗaya

Monako ƙasa ce mai cin gashin kanta, da tutarta, da sarkinta, da kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1993. Amma duk faɗinta murabba'in kilomita 2 ne da ɗan ɗoriya, wato hekta 200 da 'yan kai. Akwai manoman da gonarsu ta fi haka. In ka ɗebe Batikan, babu ƙasar da ta kai ta ƙanƙanta a duniya. Tana manne a jikin dutse a bakin Bahar Rum, Faransa ta rungume ta ta ɓangare uku, teku ya tare na huɗun, iyakar Italiya kuma tana gabas, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. Mazaunanta wajen 38,000 ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai 'yan asalin ƙasar. Sauran baƙi ne da kuɗi ko aiki ya kawo.

Sunan da ta yi na garin attajirai yana firgita mutane, har wanda ya zo kudancin Faransa ya wuce ta a jirgin ƙasa bai sauka ba. Kuskure ne. Kwana a Monako shi ke da tsada, wuni a cikinta ba shi da. Mafi yawan abin da ya cancanci gani kyauta ne, in kana da ƙafa da takalmi mai daɗi.

Mataki na farko: biza

Monako ba ta cikin Tarayyar Turai, amma ba ta da shingen iyaka tsakaninta da Faransa, kuɗinta yuro ne, kuma ofisoshin jakadancin Faransa ne ke ba da bizarta. A taƙaice, duk bizar Shengen mai aiki, wato bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, ta ishe ka shiga. Babu wanda zai tsare ka a baki ya ce kawo fasfo, don bakin ma ba ya ganuwa: wani titi, hannun dama Monako, hannun hagu Faransa.

Ka fara da shafin France-Visas a intanet. Nan za ka cika fom, ya fitar maka da jerin takardun da ake so, sannan ya tura ka cibiyar da ke karɓar takardu da ɗaukar hoton yatsu. Fasfo ya zama an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu fanko, kuma wa'adinsa ya zarce ranar dawowarka da aƙalla wata 3. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun watan Yuni na 2024, yaro mai shekara 6 zuwa 12 rabin haka, ban da ladan cibiyar. Dole ka yanki inshorar lafiya ta tafiya wadda za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000. Sai shaidar masauki, da ajiyar kujerar jirgi zuwa da dawowa, da bayanin asusun banki na 'yan watanni, da takarda daga wurin aiki ko shaidar rajistar kasuwanci. Ana iya nema tun saura wata 6. A ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kai 45, kuma samun ranar ganawa kansa aiki ne idan bazararsu ta gabato. Don haka a yi sammako.

Abu biyu ke yawan kayar da mutane. Na farko, zuba kuɗin aro a asusu ana saura mako guda. Masu duba takardun nan aikinsu ke nan kullum, sun san asusun da ya kwana da yunwa ya tashi da ƙoshi. Na biyu, dillalan da ke cewa su za su haɗa maka takardu. Takarda ɗaya ta bogi tana iya ɓata maka suna a duk ƙasashen Shengen, ba Faransa kaɗai ba. Kuma kada ka biya kuɗin tikitin da ba a mayarwa kafin biza ta fito.

Ga 'yan'uwa na Nijar, tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024 hanyar ta canza. Dokar Shengen ita ce ka nemi biza a ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Wanda tafiyarsa ta Italiya ce, da bizar Italiya zai hau jirgin ƙasa daga garin Ventimiglia na kan iyaka, cikin kamar rabin awa ya sauka a Monako.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Watan Mayu zuwa tsakiyar Yuni, ko Satumba, su ne zaɓina. Rana tana da daɗi, teku ya yi shuɗi, cunkoso bai kai na Yuli da Agusta ba. Oktoba da Nuwamba ruwan sama ya fi yawa. Lokacin sanyinsu bai da tsanani a ma'aunin Turai, amma ga ɗan Kano ko Damagaram, iskar teku ta Janairu ta fi hunturu cizo, a taho da babbar riga mai kauri.

Sai dai ka duba kalanda da kyau saboda tseren motoci na Formula 1. Shekara da shekaru a ƙarshen Mayu ake yin sa, daga 2026 an matsar da shi farkon Yuni. A makon, tituna a rufe suke, farashin ɗaki har a garuruwan maƙwabta ya haukace. Makonni kafin ranar ma an fara kakkafa ƙarafa da kujeru a bakin tashar ruwa, sun tare gani. In ba tseren ya kawo ka ba, ka kauce masa. Akwai gasar tanis ta Monte Karlo a Afrilu, wadda filinta a gaskiya yana cikin ƙasar Faransa don babu wurin da za a sa shi a gida, da baje kolin jiragen ruwa na alfarma a ƙarshen Satumba, da ranar ƙasa a 19 ga Nuwamba.

Mataki na uku: ka kwana a waje

Monako ba ta da filin jirgin sama. Za ka sauka a birnin Nis na Faransa, wanda a allo za ka ga an rubuta Nice. Daga Legas ko Abuja ana zuwa ta Paris da Air France, ko ta Istanbul da Turkish Airlines, ko ta Kasabalanka da Royal Air Maroc. Tun Oktoban 2025 an fara ɗaukar hoton fuska da na yatsu a mashigar ƙasashen Shengen, layi yana iya yin tsawo. In kana ɗauke da tsabar kuɗi yuro 10,000 ko fiye, dole ka bayyana wa kwastan.

Ka nemi masauki a Nis, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Nice-Ville. Dalili uku: ɗaki ya fi araha nesa ba kusa ba, unguwar cike take da mahauta da gidajen abinci na halal na mutanen Aljeriya, Maroko da Tunisiya, kuma akwai masallatai a birnin. Wanda ya fi son shiru ya duba Menton, garin lemun tsami da ke bakin iyakar Italiya. Akwai kuma Beausoleil, garin Faransa da ke saman Monako manne da ita, wanda daga ƙofar otal ka gangaro matakala ka shiga wata ƙasa. Ba don kai aka fara wannan dabara ba. Dubun dubatar ma'aikatan da ke tafiyar da Monako, daga mai shara har ma'aikacin banki, a Faransa da Italiya suke kwana, su shigo da safe su fice da yamma.

Ƙananan abubuwa kafin ka rufe jaka. Soket ɗinsu mai baki biyu zagayayyu ne, ɗan Nijeriya yana buƙatar mahaɗi, ɗan Nijar nasa ya yi daidai. Agogonsu ɗaya da namu a lokacin sanyi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sun riga mu da awa ɗaya. In ka sayi layin waya na Faransa, ka tambaya ko tsarinsa ya haɗa da Monako, don tana da nata kamfanin da lambarta 377, kuma dokar Tarayyar Turai da ta soke kuɗin yawo da layi ba ta hau kanta ba.

Mataki na huɗu: shiga

Jirgin ƙasa na TER, wato mai zirga-zirga tsakanin garuruwan yankin, daga Nice-Ville zuwa tashar Monaco-Monte-Carlo minti 20 zuwa 25 ne, kuɗinsa bai kai yuro 10 ba, kuma yana tashi a kai a kai. Ka zauna ta hannun dama don teku. Ka guji na tsakanin ƙarfe 7 da 8 da rabi na safe a ranakun aiki, ma'aikata sun cika shi maƙil. Akwai bas da ke bin gaɓar teku, ya fi araha kuma ya fi kyan gani, amma yana iya cin awa guda. Akwai kuma jirgi mai saukar ungulu daga filin jirgin Nis, minti 7. Wannan mun ambata ne don cika labari.

Tashar a cikin dutse take, ƙarƙashin ƙasa, kuma tana da ƙofofi da dama masu fitar da mutum unguwanni daban-daban, wasu sama wasu ƙasa. A nan baƙo ke fara ɓata. Ka bi alamar da ke nuna Fontvieille da Monaco-Ville, ko ta Port Hercule, kada ka hau lif ɗin da ke kai wa can sama. Daga nan ka nemi dandalin Place d'Armes. Tun da an zo maganar lif: ƙasar a tsaye take kamar tsani, don haka gwamnati ta zuba gomman lif da matakalai masu tafiya da kansu, kyauta, a cikin duwatsu da gine-gine. Taswirar waya za ta ce ka zagaya minti 20, alhali ga ƙofar lif a gefenka. Ka riƙa duba alamar da aka rubuta ascenseur public.

Mataki na biyar: Dutsen, tun da safe

Ka kasance a Place d'Armes wajen ƙarfe 9. Daga nan wata tsohuwar hanya mai hawa, Rampe Major, za ta kai ka tsohon gari a kan dutsen da suke kira Le Rocher. Minti 10 ne, sai ɗan haki. Mai ciwon gwiwa ya hau bas mai lamba 1 ko 2.

Kana ɓullowa dandalin fada za ka ga mutum-mutumin wani mai rigar malaman coci, yana ɓoye takobi a cikinta. Daga kansa labarin ya fara. Mutanen Jenowa na Italiya ne suka gina ganuwa a kan dutsen a 1215. A daren 8 ga Janairu 1297, François Grimaldi, wanda ɓangarensu ya sha kaye a rikicin siyasar Jenowa, ya yi shigar malamin ɗariƙar Faransiskan ya ƙwanƙwasa ƙofa yana neman wurin kwana. Aka buɗe masa. Ya zaro takobi, mutanensa suka biyo baya. Laƙabinsa Malizia, wato mai wayo. Gidan Grimaldi, mai sarautar ƙasar, ba ya jin kunyar wannan tarihi: tambarin masarautar har yau malaman coci biyu ne riƙe da takubba.

Ba su riƙe dutsen a jere tun daga ranar ba, an kore su sun dawo ba sau ɗaya ba, sai a ƙarni na 15 suka zauna daram. Abin da ya biyo baya darasi ne na yadda ƙaramin sarki ke rayuwa tsakanin manya. A 1524 suka shiga inuwar Sifaniya. Da inuwar ta zama nauyi, Honoré na II, wanda shi ya fara amsa sunan Yarima a 1612, ya kori sojojin Sifaniya a 1641 ya ƙulla da Faransa. Juyin juya halin Faransa ya haɗiye ƙasar a 1793, aka mai da fada asibiti da gidan gajiyayyu. A 1814 suka dawo, shekara ɗaya bayan haka aka sa su ƙarƙashin masarautar Sardiniya. Kowane babba ya zo ya wuce, gidan Grimaldi yana nan. Kada sunan Yarima ya ruɗe ka, ba mai jiran gado ba ne kamar yadda kunnen Bahaushe zai ji. Shi ne sarkin, kuma ba na ado ba: shi ke naɗa shugaban gwamnati, dokoki kuma sai da yardarsa da ta majalisa mai kujeru 24. Na yanzu, Albert na II, ya hau a 2005. Matarsa Charlene tsohuwar 'yar wasan ninƙaya ce ta Afirka ta Kudu, haifaffiyar Bulawayo a Zimbabuwe.

Ana buɗe wasu ɗakunan fadar ga baƙi daga bazara zuwa kaka, da tikiti. Wanda ya taɓa ganin manyan fadojin Turai ba zai ga abin mamaki ba, in lokaci ya ƙure ka bar shi. Abin da ba za ka bari ba shi ne leƙawa ta ɓangarori biyu na dandalin, inda tsofaffin igwa suke jere. Gabas, tashar ruwa ta Hercule da benayen Monte Karlo. Yamma, unguwar Fontvieille, wadda kusan gaba ɗayanta teku ce aka cike a zamanin Rainier na III, mahaifin sarki na yanzu.

Kada ka tsaya jiran dogarai tukuna. Ka shige cikin lungunan tsohon gari, inda sunayen tituna suke da Faransanci da kuma yaren 'yan ƙasa, ɗan'uwan yaren Jenowa. Minti kaɗan za ka isa babbar majami'ar, ta farin dutse, wadda aka aza harsashinta a 1875. Nan kaburburan sarakuna suke. Wanda jama'a ke tururuwa a kai shi ne na Grace Kelly, 'yar fim ɗin Amurka da Rainier ya aura a 1956, ta rasu a 1982 bayan motarta ta faɗa gangare a hanyar da ke saukowa daga tsaunin. Auren nan ya yi wa ƙasar tallar da kuɗi ba zai saya ba. Shiga kyauta ne, a rufe kafaɗa, a yi shiru. Wanda bai son shiga, lambun Saint-Martin yana gaban ƙofar, a kan gaɓar dutse, da kujeru da inuwa.

Ta cikin lambun za ka isa wurin da, a ganina, shi kaɗai ya wajaba ka cire kuɗi dominsa: gidan tarihin teku. Albert na I, kakan kakan sarki na yanzu, ya fi son jirgin bincike da kujerar mulki. Ya yi tafiye-tafiye masu yawa a teku yana tattara halittu, ya gina wannan gida a jikin dutse, tsayinsa mita 85 daga ruwa, aka yi shekara 11 ana aiki, aka buɗe a 1910. Shahararren mai nutson nan Jacques Cousteau ya shugabance shi daga 1957 zuwa 1988. A ƙasa akwai tankunan gilashi da kifaye masu launin da ba ka taɓa zato ba, har da kifin shak da kunkurun teku. A sama ƙasusuwan manyan dabbobin ruwa ne da kayan aikin Albert. Ka hau rufin. Tikiti yana wajen yuro 20, saya ta intanet don kauce wa layi. In da yara, nan za su ƙi fita.

Ƙarfe 11 da rabi ka kama hanyar komawa fada. Kullum da ƙarfe 11 da minti 55 ake sauyin masu gadi, fararen kaya a lokacin zafi, baƙaƙe a lokacin sanyi. Ba ya wuce 'yan mintuna. Wanda ya saba ganin hawan salla zai ce shi ke nan? Shi ke nan. Amma ka gani.

Mataki na shida: abinci da salla

Ka gangara ta inda ka hau zuwa kasuwar La Condamine a Place d'Armes. A cikin rumfar akwai masu sayar da abinci da tebura na kowa da kowa, nan ma'aikata ke cin na rana, farashi na mutane. Ka nemi socca, wata faffaɗar waina ta garin wani wake mai kama da gurjiya, da man zaitun da barkono kawai, ba nama ba komai. Sai barbagiuan, abincin da suke alfahari da shi: soyayyen ƙulli ne da ganye mai kama da alayyafo da cuku a ciki. Ka tambaya kafin ka ci, don wasu suna ƙara nama. Kalmomi biyu za su yi maka amfani: sans porc, ban da alade, da sans alcool, ban da giya, don suna yawan zuba ta a miya. Abin dariya, ɗaya daga cikin abincinsu na gargajiya, stocafi, busasshen kifin nan ne na Norwe da ake sayarwa a kasuwanninmu, su ma da tumatir suke dafa shi. Wanda aljihunsa ya yi sanyi, akwai babban kantin Carrefour a Fontvieille. Ruwan famfo ana sha.

Addinin gwamnati Katolika ne, kada ka sa ran jin kiran salla. Ka fito da alwalarka da 'yar ƙaramar darduma a jaka, ka nemi gefe mai shiru a lambu, kuma matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salla. Alƙibla tana kudu maso gabas, wajen teku. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Juma'a kuwa, ka yi ta a Nis.

Mataki na bakwai: bin sawun motocin tsere

Daga kasuwa ka sauka bakin tashar Hercule. Jiragen ruwan da ke ɗaure a nan, wani ya fi gidan bene girma, kallo kyauta ne. Titin da kake takawa shi ne filin tseren da ake yi tun 1929. Tsawonsa kilomita 3.337, ana zagaya shi sau 78, kuma a sauran ranakun shekara bas da babura ne ke bin sa. Ayrton Senna ya ci sau 6, babu wanda ya kamo shi. A 2024 ɗan gida Charles Leclerc ya ci a titunan da ya taso.

Ka bi shi da ƙafa. Daga Boulevard Albert na I zuwa kwanar ƙaramar cocin Sainte-Dévote, ka haura tudun zuwa dandalin gidan caca. Hawan yana da ɗan wuya, a nan za ka gane abin da talabijin ba ya nunawa. Daga baya za ka gangara ta kwanar otal ɗin Fairmont, wadda ta lanƙwashe kamar ƙugiya, inda motar da ke gudun fiye da kilomita 300 a awa a wasu filayen take rarrafe da wajen 50. Daga nan sai ramin da ke bi ta ƙarƙashin otal ɗin, akwai hanyar masu ƙafa a gefe. Mai son motoci ya leƙa tarin motocin Rainier, waɗanda aka mayar bakin tashar a 2022.

Mataki na takwas: Monte Karlo

Mutane da yawa suna zaton Monte Karlo ce babban birnin ƙasar. Unguwa ce kawai, kuma talauci ne ya haife ta. A 1848 garuruwan Menton da Roquebrune, masu gonakin lemo da zaitun da masarautar ke ci da harajinsu, suka yi bore suka ɓalle. A 1861 Charles na III ya haƙura, ya sallama su ga Faransa a kan faran miliyan 4. Mafi yawan ƙasar ta tafi, aka bar shi da dutse da 'yan masunta. Shawarar da gidan sarauta ya yanke ita ce caca, wadda a lokacin aka hana a maƙwabta. Gwajin farko ya faɗi, don ko hanyar kirki babu. Sai aka kirawo François Blanc, wanda ya riga ya yi nasara da gidan caca a Bad Homburg na Jamus. Ya kafa kamfani a 1863, aka raɗa wa tudun suna Monte Karlo, wato dutsen Charles, a 1866, jirgin ƙasa ya iso a 1868. Kuɗi suka shigo har a 1869 sarki ya soke harajin kuɗin shiga. Har gobe babu shi, ban da a kan Faransawa, waɗanda shugaban Faransa na lokacin, De Gaulle, ya matsa lamba har aka yi yarjejeniyar 1963 da ta sa suke biyan ƙasarsu.

Ga inda wayon yake: doka ta hana 'yan asalin Monako yin caca a gidan. An gina shi ne don aljihun baƙo. Mai gida ya san abin da ya dafa, shi ya sa bai bai wa 'ya'yansa ba. Yau ma caca ƙaramin kaso ce a kuɗin shigar gwamnati, harajin saye da sayarwa da hada-hadar gidaje sun fi ta nesa.

Ba sai ka kusanci tebur ba. Ginin kansa abin kallo ne, kuma a jikinsa akwai zauren waƙe-waƙe da Charles Garnier, wanda ya zana na Paris, ya gina aka buɗe a 1879. Ka tsaya a dandalin ka kalli motocin da ake jerawa a gaban Hôtel de Paris, ka zagaya baya inda akwai baranda mai kallon teku. Shan kofi a dandalin nan kuɗin abincin rana ne a Nis, ka sani kafin ka zauna. Ofishin masu yawon buɗe ido yana saman lambun dandalin, ana samun taswira kyauta. An san shi da buga hatimin tunawa ga baƙi. In za ka karɓa, a buga maka a wata takarda daban, kada a taɓa fasfonka, don hatimin da ba na jami'an shige da fice ba yana iya jawo maka tambaya a wata ƙasar.

Da la'asar ka gangara lambun Japan, kyauta, ka wuce sabuwar unguwar Mareterra, hekta 6 da aka ƙwato daga teku aka buɗe a Disamban 2024, ka ƙare a bakin ruwan Larvotto. Na jama'a ne, ba a biyan ko sisi sai in ka hau gadon haya. Tsakuwa ce ƙanana, ba rairayi ba. Shigar masu wanka irin ta Turai ce, mai tafe da iyali ya san da haka.

Ƙwallo, da dokokin gari

Mai son ƙwallo ya daidaita tafiyarsa da wasan AS Monaco a filin Louis na II da ke Fontvieille, wanda aka buɗe a 1985, filin wasan a saman wurin ajiye motoci yake. A gasar Faransa suke bugawa, kuma tikiti bai cika wuyar samu ba. Nan George Weah ya fara taka leda a Turai a hannun Arsène Wenger, nan Victor Ikpeba ya yi shekarun da suka sa aka yi masa laƙabi da Yariman Monako har ya zama gwarzon Afirka a 1997, nan Thierry Henry da Kylian Mbappé suka fito.

'Yan sanda da kyamarori sun yi yawa ƙwarai, kuma ba sa wasa. An hana yawo cikin gari ba riga, ko ba takalmi, ko da kayan wanka. Ka riƙe fasfonka a jikinka. Uber ba ya ɗaukar fasinja daga cikin ƙasar, tasi kuma tsada, don haka bas, lif da ƙafa. Akwai ɗan jirgin ruwa mai tsallaka tashar Hercule a kan kuɗin bas, yana rage zagaye. Ka gaisa da bonjour kafin kowace tambaya, a nan ma gaisuwa ke buɗe baki. Lambar gaggawa 112. In canji ya haɗa ka da kwabon yuro mai fuskar sarkinsu, ka ajiye, ba su da yawa. Na yuro 2 mai fuskar Grace da aka buga a 2007 guda 20,001 ne kacal, masu tarawa suna sayensa da dubbai.

Ka duba lokacin jirgin ƙarshe tun da rana, don wani lokaci aikin gyaran layi ko yajin aiki a Faransa yana rage na dare. In kana da kwana na biyu, ka hau bas zuwa ƙauyen La Turbie da ke saman tsauni, inda aka fasa farin dutsen da aka gina majami'ar, kuma inda ragowar hasumiyar da Rumawa suka gina wa sarkinsu Augustus take tsaye fiye da shekara 2,000. Daga ƙauyen ka taka zuwa ƙoƙuwar dutsen da suke kira Tête de Chien, wato kan kare. Ka tafi da ruwan sha, ka yi nesa da baki don babu shinge a ko'ina. Daga can za ka ga fada, da tashar ruwa, da filin ƙwallo, da gidan caca, ƙasar gaba ɗaya, ba tare da ka juya wuya ba.